Kafin ka saya wa EOD ɗinka salansa mai ƙara, ka fara dawo mata da ƙarfin da ta rasa

Kusan duk wanda ya shigo garejina ya ce a ƙara wa motarsa ƙarfi, labarinsa ɗaya ne. Ya fito zai wuce tirela a hanyar Zariya, ya taka totur har ƙasa, mota ta yi ta gurnani amma ba ta gaba, ga wata babbar mota ta taho tana ba shi wuta. Da ya dawo gida sai ya shiga YouTube ya ga samarin Amurka suna ɗaura wa motocinsu kaya masu ƙyalli, washegari ya zo min da hoto a waya: "Oga, irin wannan nake so a sa min." Ni kuwa amsata ba ta sauyawa: Alhaji, ajiye wayar tukuna, buɗe bonet.

Zan yi magana a kan Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda 4, wadda muke kira EOD da ƙanwarta Discussion Continues, domin ita ce ta fi zuwa hannuna. Amma mai Corolla ko Camry ko Civic ma zai tsinci abin da zai amfane shi. Injin wannan motar sunansa K24, lita 2.4 ne, kuma ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 160, na 2006 da 2007 kuma 166. Wannan ƙarfin ya isa a wuce kowace tirela cikin kwanciyar hankali. Matsalar ita ce motar da ke hannunka ta yi shekaru kusan 20 a duniya, ta sha baƙin mai iri-iri da fetur ɗin 'yan bumburutu, ta bi ta hannun kanikawa barkatai, da wuya a ce 160 ɗin nan suna nan cif. Ƙarfi mafi araha da za ka samu shi ne wanda motar ta zubar a hanya, kuma kuɗin dawo da shi bai kai na kayan ƙyalli ba.

Akwai wani kaso da ba na kowa ba ne, sai ka haƙura da shi. Injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama, saboda iska tana raguwa. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, don haka motar da ke tashi kamar tsuntsu a Legas dole ta yi sanyi a hawan Filato, ko da lafiyarta ƙalau. Zafin Afrilu ma yana cin nasa rabon.

Fara da awo, kada ka fara da saye

Nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda ba cunkoso, ka ɗauki mutum ɗaya ya riƙe maka agogon waya. Kashe esi, ka daidaita mota a kan kilomita 60, ka taka totur har ƙasa, shi kuma ya ƙirga daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta kai 100. Ka tsaya a nan, domin 100 ɗin ita ce iyakar da dokar hanya ta ba ƙananan motoci a babban titi. Rubuta lambar ka ajiye. Duk gyaran da aka yi, ka koma wannan hanyar da wannan mutumin ka sake aunawa. Kunne maƙaryaci ne a harkar mota: idan ƙara ta ƙaru sai mutum ya rantse gudu ya ƙaru.

Sai gwajin matsin silinda. A cire filogi duka huɗu, a ɗaura geji a kowane rami, a murza inji da totur a buɗe. A wannan injin, Honda ta ce kada matsi ya gaza 135 a ma'aunin psi, kuma kada tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ta wuce 28. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin a sake gwadawa. Lamba ta tashi, ringi ne ya cinye. Ba ta tashi ba, a duba bawul ko gaskit. Injin da ya faɗi wannan jarrabawar ba ya buƙatar komai sai gyara, duk abin da ka ɗaura masa asara ce.

Bayan nan a sa mata kwamfuta. Ba sai ka biya kowane lokaci ba, akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a ƙasan sitiyari, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da ramin. Abu uku nake kallo: lambobin matsala, zafin ruwan inji, da yawan gyaran da birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ke yi wa ma'aunin fetur. Wannan na ukun, idan ya haura 10 cikin 100 ta sama, inji yana kukan mai bai ishe shi ba ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuma fitilar cek ba ta kamawa ko da ka murza makulli kafin tayarwa, to wani ya cire ƙwan ko ya liƙe ta kafin a sayar maka. Ana yi.

Tamostat da fanka

A nan na fi yin faɗa da mutane, har da abokan sana'ata. Mota tana sauka daga Kwatano, abu na farko da ake ce wa mai ita shi ne, "Wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye." Sai a cire, a jefar, fanka ta riƙa juyawa daga murza makulli har kashewa. Mai mota ya ga allurar zafi tana kwance a ƙasa, ransa ya yi fari.

Ga abin da ke faruwa a ciki. An ƙera injin ne ya yi aiki da ruwa mai zafin da ya kai wajen digiri 90. Tamostat yana fara buɗewa a kusan 78, aikinsa shi ne ya sa inji ya ɗumama da wuri ya kuma tsaya a nan. Idan babu shi, musamman da safiyar hunturu a kan doguwar hanya, ruwan ba ya kaiwa inda ake so. Birenbos kuwa ba ta san an cire komai ba, abin da sensa ta gaya mata shi take bi: inji da sanyi, a ƙara fetur. Haka za ta yi ta ƙarawa daga Kano har Kaduna. Rarar fetur ɗin nan ba ta ƙonewa duka, tana wanke man da ke jikin silinda, tana sauka cikin baƙin mai ta tsinka shi, tana tara baƙin gawayi a kan filogi da fistin, ragowar ta tafi ta kashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke kan bututun salansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga aljihu.

Motar da ke zafi da tamostat a jikinta tana da wata cuta daban: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zuba masa, ko murfinsa ya saki ba ya riƙe matsi, ko rilen fanka ya mutu, ko famfon ruwa ya gaji. A gyara wannan, a mayar da tamostat na asali, a mayar da fanka kan sensa, a zuba ruwan lagireto na gaskiya mai hana tsatsa. Ƙasashen Larabawa sun fi mu zafi, kuma da tamostat motocinsu suke yawo.

Baƙin mai da 'yar ragar da ba a kula da ita

Duba murfin da ake zuba baƙin mai. A motocin da suka zo daga Amurka za ka ga an rubuta 5W-20. Amma je ka wurin juye ka ga abin da ake ɗura mata: 20W-50 mai kauri, wai shi ne ke jure zafi. A tsohuwar 504 wannan magana ce, a K24 kuwa cuta ce, domin injin yana amfani da matsin baƙin mai wajen sarrafa bawul. Tsarin da Honda ke kira i-VTEC, wanda ke sauya lokacin buɗewar bawul da yawan buɗewarsa idan inji ya ɗauki wuta, mai ne ke tura shi ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi. Mai ya yi kauri ko ya yi datti, tsarin ya yi nauyi, mota ta mutu a ƙafa. Ni a injin da ya tsufa ina zuba 5W-30 mai kyau, lita 4.2 idan an sauya filta, kuma ba na wuce nan.

A bayan tof silinda, ta ɓangaren fasinja, akwai wani solenoyid da ƙusoshi uku masu lamba 10 suka riƙe. Idan ka kwance shi za ka ga gaskit na roba, a tsakiyarsa akwai 'yar raga da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Duk man da zai je ya tayar da VTEC ta nan yake bi. Na sha ciro ta a motocin da ake kuka da su, in same ta ta toshe da baƙin datti kamar kwalta, in ɗaga ta sama ko hasken rana ba ya ratsa ta. Alamar ita ce mota tana tafiya lafiya a hankali, amma da allurar juyin inji ta kusa 3,000 sai ta riƙa fizga tana ƙin wucewa, kwamfuta kuma ta nuna P2646 ko P2647. Mutane sun sauya nozul, sun sauya famfon mai, wani har giyabos aka sa shi ya saya, alhali sabon gaskit mai raga da juye mai kyau ne maganin. Akwai irin wannan ragar ta biyu a gaban tof silinda, ita ma a duba ta tunda an riga an ɓata hannu.

Sai gyaran bawul, aikin da kusan an manta da shi. K24 ba ya daidaita tazarar bawul da kansa, da hannu ake yi, da filageji da sukundireba, kuma sai inji ya huce sarai, gara ma ya kwana. Tazarar ɓangaren shigar iska milimita 0.21 zuwa 0.25 ce, ta ɓangaren hayaƙi 0.28 zuwa 0.32, kuma idan takardar da ke manne a cikin bonet ba ta ɓare ba za ka ga an rubuta a jiki. Bawul mai sako-sako yana ƙara, kowa zai ji. Wanda ya matse shi ne mugu, shiru yake yi, ba ya rufewa sosai, matsi yana zurarewa, a ƙarshe ya ƙone. Na ɓangaren hayaƙi sun fi yin haka. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba, amma ka tsaya a kai ka ga an sa geji a kowane bawul, duka 16.

Filogi kuwa a sa na iridiyam, NGK ko Denso, kuma a kula domin jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ma wani lokaci ya fi na asali kyau. Idan farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka san sauran. Kada a goge bakinsu da burushin ƙarfe ko sanfefa. Ka ga mai a ramin filogi, robar murfin sama ce ta saki, kuma man yana kashe koyil. Idan kwamfuta ta ce silinda ta 2 tana tsallake wuta, ɗauke koyil ɗinta ka musanya da na ta 3. Matsalar ta koma 3, koyil ne, ka sayi guda ɗaya, ba saiti ba. A wanke nozul a injin wanki, a auna matsin famfon mai, a lanƙwasa robar da ke kai iska a duba ko ta tsage a cikin lanƙwasar. Sensar farko da ke kan bututun hayaƙi ba irin ta kowace mota ba ce, ta musamman ce mai auna cakuɗar iska da fetur, idan aka ɗauro wata aka yanke waya aka haɗa, mota za ta tashi amma lissafinta ya rikice.

Indomi fa? Lafiyayyen indomi ƙarfin da yake ci kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya narke ya toshe shi ne ke shaƙe mota, ta zama kamar mai mura da aka sa tsere. Gwajin mai sauƙi ne: a kwance sensar da ke gabansa na ɗan lokaci don hayaƙi ya sami mafita, a ɗan zaga. Ƙarfi ya dawo, ya toshe, a sauya shi. Bai dawo ba, a bar shi a wurinsa. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, shi ya sa ake yawan ba da shawarar cire shi ko da lafiyarsa ƙalau. Cirewar tana jawo fitilar cek da warin hayaƙi mai hawa kai, kuma kai da iyalinka ne farkon masu shaƙa a gosulo.

Wani lokaci ma ba inji ba ne. Bayan tafiya, kai hannu kusa da kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa yana kamawa, kullum kana jan mota da birki a take. Man giya a zuba na Honda, wanda a da ake kira ATF-Z1, yanzu DW-1, a zubar da kusan lita 3 a mayar, a yi 'yan kwanaki a maimaita. Su kuma manyan wili na inci 18 ko 20 da samari ke so, motar da 15 ko 16 ta zo. Babban wili ya fi nauyi, kuma idan tayar ta fi ta asali tsayi tamkar ka tashi mota a giya ta sama ne. Kyau dai akwai, amma da ƙarfin mota ka saye shi.

Idan an gama duk wannan, koma ka auna. Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, domin abin da suka zo nema ya samu.

Ga wanda bai ƙoshi ba

Filtar iska mai siffar mazurari da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet ita ce abin da aka fi tambaya ta, kuma ita na fi hanawa. Akwatin da kamfani ya sa yana jawo iska daga waje. Ita kuwa wannan iskar da ta gasu a bayan lagireto take zuƙa, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100. Ga ƙurar hunturu, wadda yawancin masu arahar ba sa tacewa. Mai dogon bututu da ke sauka ƙasan bamba tana samun iska mai sanyi, gaskiya ne, amma ranar da ka shiga ruwan da ya taru a titi a watan Agusta za ta zuƙe shi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Bar akwatinka, ka riƙa sauya filta a kan kari, a lokacin hazo ma ka ninka.

Salansa ta baya ita kaɗai ƙara ce kawai da tsinuwar maƙwabta. Inda ake samun ɗan abin kirki shi ne bututun da ke fitowa daga jikin inji, a sa mai tsarin huɗu su koma biyu su koma ɗaya, da bututun da bai wuce inci 2.5 ba har baya. A EOD ana iya wannan domin bututun daban yake. Daga samfurin 2008, wadda ake ce wa Evil Spirit, an haɗe shi a cikin tof silinda, ba abin da za ka sauya. Kada ka sa ran abin mamaki, 'yan dawakai ne da za ka ji a saman allura. Cikakken amfaninsu sai an sake tsara birenbos, kuma akwai kamfanoni irin su Hondata da KTuner da ke yin kayan wannan aikin, sai dai ka tabbatar sun dace da shekarar motarka da irin giyarta kafin ka tura kuɗi. Fetur ɗinmu iri ɗaya ne a famfo, ingancinsa kuma yana hawa yana sauka, don haka kada ka yarda a matsa lokacin wuta sosai. Inji ya fara ƙwanƙwasa a hawa, fistin ne ke biya.

'Yar na'urar da ake soka wa a ramin kwamfuta wai tana ƙara kashi 30 ko fiye, an sha fasa irinta an tarar fitila ce kawai ke ƙiftawa a ciki. Haka maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai, haka 'yar fankar lantarki da ake kira tabo. Tabo na gaskiya kuwa yana aiki, amma ba ya cikin hirar mai neman araha: nozul, famfo, sanyaya iska, tsarin birenbos, sannan giyabos da ba a yi shi don wannan nauyin ba. Mai sha'awar V6 kuma, wadda ke da doki 240, ya sayar da tasa ya sayi V6, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Hanya ɗaya da nake yarda da ita ita ce idan injinka ya riga ya mutu, dole za ka sayi na Beljiyam. A nan za ka iya ƙara kuɗi ka nemi ɗan'uwansa mai ƙarfi: K24A2 na Acura TSX mai doki 200 zuwa 205, ko K24A3 na Accord ɗin Turai mai 190. Lambar inji tana buge a gaban bulok kusa da inda ya haɗu da giyabos, kuma a jikin tof silinda za ka ga RBB, inda na asalin motar 2003 zuwa 2005 yake da RAA. Waɗannan VTEC ɗinsu yana aiki a ɓangaren iska da na hayaƙi duka, ninkin matse iska a silindarsu 10.5 ne maimakon 9.7, wato sun fi son fetur mai kyau. Ƙarfin nasu a saman allura yake, wajen 6,000 zuwa sama, a cikin gari ba lallai ka ji wani bambanci ba. Kuma ba inji kaɗai za ka saya ba, sai da birenbos ɗinsa da wayoyinsa da totur ɗinsa na lantarki da makullin da ya dace da shi, sai kuma mai wayarin da ya taɓa yin irin aikin. Idan aka ɗora shi a kan tsohuwar birenbos ɗinka, ka biya kuɗin doki 200 amma ba za ka same su ba. A mota mai giyar hannu aikin ya fi sauƙi.

Ko a Kofar Ruwa za ka saya ko a Panteka ko Ladipo, je da bakanikenka, kada ka aika. Buɗe murfin mai ka haska ciki da fitilar waya: launin zuma ake so, ba baƙin datti ba. Ciro filogi huɗun ka jera su, su kasance kamanninsu ɗaya. Sa sifana mai lamba 19 a kan fulin ƙasa ka juya inji da hannu, ka ji yana matsewa yana saki ba tare da ya cije ba. Duba gefen gaskit da kwanon mai, idan ka ga gam ya tsattsafo ko kan ƙusoshi ya sha sifana, an taɓa buɗe shi a nan gida. A rubuta maka kwanakin garanti da lambar injin a kan rasit, ka kuma je a gyara lambar a takardun motarka kafin a tare ka a hanya. Ranar da za a ɗaura shi, a sa sabon tamostat da famfon ruwa tun yana ƙasa, sannan a duba birki gaba da baya da shekarun tayoyinka kafin ka fita gwaji.